Gwajin hangen haɗari a kan hanya: amsoshin tambayoyin sababbin direbobi a Kaduna

Masu koyon tuƙi da ke yin waɗannan tambayoyi kashi biyu ne. Akwai masu neman lasisinsu na farko a nan Kaduna, akwai kuma waɗanda karatu ko aiki zai kai su Ingila, inda hangen haɗari ke da jarrabawa ta musamman a kwamfuta. Horon da ido ke buƙata iri ɗaya ne a ko'ina, shi ya sa muka haɗa amsoshin wuri guda.

Mene ne ainihin abin da ake gwadawa?

Ana auna lokacin da ka ankara da abin da zai tilasta maka rage gudu, tsayawa ko kaucewa. A ce direbobi biyu na bin titin Ahmadu Bello da gudu ɗaya. Na farko ya ɗage ƙafa daga totur tun da ya hango wata mata ta ɗaga wa mai keke hannu. Na biyu bai motsa ba sai da keken ya yanko gabansa ya tsaya cak, sannan ya danna birki har taya ta yi ƙara. Babu wanda ya bugi kowa a cikinsu, amma na farkon ne ya ci gwaji.

Mai shanyar kaya ba ta jiran ɗigon farko. Da ta ga gabas ta yi duhu, iska ta juya, sai ta hau kwashewa. Hadarin sama da haɗarin hanya duk haɗowa suke yi, kuma kowanne yana aiko da alamarsa kafin ya sauka.

A Kaduna ma ana zaunar da mutum gaban bidiyo ne?

Jarrabawar bidiyo ta danna linzamin kwamfuta tsarin Birtaniya ne, tun 2002 suke yin ta, wasu jihohin Ostareliya ma suna da irinta. A nan gida hanyar ita ce ka cika shekara 18, ka shiga makarantar koyon tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta amince da ita, ka kammala aƙalla zaman koyo 26, sannan a gwada saninka na dokoki da alamomin hanya, a duba idonka, a gwada tuƙinka a aikace. Bayan an ɗauki hotonka da tambarin yatsunka ake ba ka lasisin wucin gadi na kwana 60 kafin na dindindin ya fito.

Hangen haɗari yana cikin wannan duka, ko da ba a ware masa suna ba. Jami'in da ke zaune kusa da kai yana kallon idonka da ƙafarka fiye da yadda kake zato. Lasisin da wani ya ce zai kawo maka har gida ba tare da ka je ko'ina ba kuwa, ka yi shakkarsa, kuma ko da na gaske ne bai koya maka komai ba.

Komai a titi yana iya zama haɗari. Yaya zan bambanta?

Mataki uku ne. Mota a fake a gefen titi, babu kowa a ciki: ka san da ita, shi ke nan. Motar nan dai, amma akwai mutum a kujerar direba, fitilar birkinta a kunne, hayaƙi na fita ta salansa: ka sa mata ido, ka matsar da ƙafarka kusa da birki. Tayar gabanta ta karkato wajen titi, ko siginarta ta fara ƙiftawa: haɗari ya taso, yanzu ne za ka duba madubi, ka rage gudu, ka ba ta fili.

Makin gwaji yana tsakanin mataki na biyu da na uku. Wanda ke razana da mataki na farko zai yi ta taka birki ba dalili har na bayansa ya daki motarsa. Wanda ke jiran motar ta fito tsakiyar titi kuma ya makara.

Malam, ni fa ina da saurin taka birki. Wannan bai wadatar ba?

Bari lissafi ya ba ka amsa. Raba gudunka da 3.6, za ka sami mitocin da kake ci a sakan ɗaya. A gudun kilomita 50 a awa, kusan mita 14 ne. A 80, mita 22. A 100, kusan mita 28. Duk saurinka, kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta bar totur ta hau birki, mota tana tafiya da cikakken gudunta. Ga wanda hankalinsa ke kan hanya wannan yana ɗaukar kusan sakan ɗaya. Ga mai gajiya, mai hira ko mai leƙen waya yana wuce haka nesa.

Bayan nan ne birkin zai fara aiki, kuma nisan da yake ci ba ya tafiya daidai da gudu. Idan ka ninka gudu sau biyu, nisan birki yana ninkuwa sau huɗu. Jadawalin littafin dokokin hanya na Birtaniya, wanda aka yi da busasshiyar kwalta, taya mai kyau da direba mai natsuwa, ya ba da jimillar nisan tsayawa kamar haka: mita 12 a gudun kilomita 32, mita 23 a 48, mita 36 a 64, mita 53 a 80, mita 73 a 96. A jiƙaƙƙiyar kwalta ka ninka. A titin da yashi ya kwanta a kansa, ko da tayar da ta suɗe, ka ƙara a kan haka.

To ka duba: yaro ya fito daga bayan bas mita 20 a gabanka kana kan 50. Ko kai ne sarkin birki ba za ka tsaya kafin ka kai gare shi ba. Wanda ya hango ƙafafun yaron ta ƙarƙashin bas ɗin, ya sauko zuwa 30 tun da wuri, shi zai tsaya da sauran fili. Leƙen waya na sakan biyu a gudun 50 kuwa, mita 28 ke nan ka tuƙa ido rufe.

Ina ya kamata in riƙa kallo?

Kuskuren kusan kowane ɗan koyo shi ne kafe ido a kan bonet ko bayan motar da ke gabansa. Ka ɗaga kai ka kalli inda za ka kai nan da sakan 12 zuwa 15. A cikin gari wannan kusan mita 150 zuwa 200 ne, wato har mahaɗa ta gaba. Daga can ka dawo da ido tsakiya, ka share gefen dama da hagu, ka leƙa madubi, ka sake komawa nesa. Kada ido ya zauna a kan abu ɗaya fiye da sakan biyu. Madubin tsakiya ana leƙa shi duk bayan sakan 5 zuwa 8, da kuma kafin kowane taka birki, domin ka san wanda ke manne da kai.

Ka koyi kallo ta cikin gilashin motar gabanka zuwa fitilun birkin mota ta biyu da ta uku. Idan na can gaba sun kunna ja, naka na tafe.

Madubi ba ya nuna komai. Akwai wani yanki daga kafaɗarka zuwa baya, dama da hagu, da babur zai ɓuya a ciki tsaf. Kafin ka tashi daga fakin, ka sauya layi ko ka sha kwana, ka waiga ta kan kafaɗa. Ginshiƙin da ke gefen gilashin gaba shi ma yana iya rufe mutum guda ko ɗan acaba a bakin mahaɗa. Ɗan matsar da kai gaba ko gefe yana tona shi.

Waɗanne alamomi ne suka fi amfani a titunan Kaduna?

A nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci, domin littafi ba zai ba ka su duka ba.

Mai Keke Napep fasinja yake kallo, don haka kai ma ka kalli abin da yake kallo. Mutum a bakin titi ya ɗaga hannu, ko kan mai keken ya juya gefe, ko fasinjan baya ya sunkuyo yana taɓa kafaɗarsa: zai yanka dama ya tsaya, da sigina ko babu. Keken da babu fasinja a ciki ya fi cikakke haɗari. Haka bas ɗin haya a wuraren ɗaukar fasinja irin su ƙarƙashin gadar Kawo, Mando, Kasuwar Barci ko Sabon Tasha: idan kwandasta ya leƙo yana kira, tsayawa na kusa, idan ya buga jikin mota, za ta fizgo cikin titi.

Bas ko tifa a tsaye bango ne, ba ka san abin da ke bayansa ba. Ka duba ƙarƙashinsa ko za ka ga ƙafafu ko inuwa, ka wuce shi da tazarar buɗe ƙofa, kimanin mita ɗaya, da gudun da za ka iya tsayawa nan take.

Ƙwallo ta gangaro titi, akwai yaro a bayanta. Yaro ɗaya ya tsallaka da gudu, ƙanensa na biye. Tunkiya ɗaya ta tsallaka, sauran garken ba za su tsaya shawara ba. Akuya kan yi kamar ta wuce sannan ta juyo. A unguwanni masu cunkoso irin su Tudun Wada, Rigasa da Unguwar Sanusi, lokacin tafiya makaranta da safe, tashin boko da rana da tashin Islamiyya da yamma lokuta ne na rage gudu tun kafin ka ga yaro ko ɗaya. Ranar Juma'a, kewayen manyan masallatai irin na Sultan Bello yana cika da masu tafiya a ƙasa da motocin da aka faka layi biyu. A watan azumi kuwa, rabin awar da ke gaban magariba kowa sauri yake yi kuma kowa a gajiye yake.

Sai masu bin hannun da ba nasu ba. Ko a titi mai hannu ɗaya, ka duba ɓangarorin biyu kafin ka shiga, domin ɗan acaba ko mai tura kurar ruwa na iya fitowa ta inda doka ta ce babu kowa. Danja ta ba ka kore, ka ba ta sakan ɗaya ka duba dama da hagu; na ƙarshen da ya ƙi tsayawa a ja yana tafe da gudu.

A manyan hanyoyi, ganye ko rassan bishiya da aka jera a kan kwalta suna nufin mota ta lalace a gaba. Motocin gabanka duk suna karkata wuri ɗaya, akwai rami ko wani abu a nan. Ruwa ba ya tsami banza: idan wanda ke gabanka ya rage gudu ba ka ga dalili ba, shi ya gani, kada ka zagaye shi.

Yaya zan yi da tirela da tanka?

Ba za ka guje musu ba a Kaduna: suna bin titin Nnamdi Azikiwe da ya ratsa unguwanni, suna kan hanyar Kachia ta wajen matatar mai, suna jere a gefen hanya a Mararrabar Jos da Tafa. Idan ba ka hango madubin direban ba, shi ma bai san kana nan ba. Tirelar da za ta sha kwanar dama takan buɗa hagu tukuna. Filin da ta bari a damanta tarko ne, bodinta zai rufe shi. Kada ka shiga gabanta ka taka birki, nauyinta ba ya barin ta tsaya a inda ƙaramar mota ke tsayawa. A kan hawa, ka bar tazara a bayanta ko za ta ɗan gangaro kafin ta ja.

Wasu direbobin manyan motoci suna ba na baya sigina wai ya wuce. Kada ka ɗora ranka a kan wannan, domin siginar nan ɗaya tana iya nufin shi ne zai juya. Haka walƙa fitila: wani yana nufin "shigo", wani yana nufin "kauce, ga ni nan".

Tazara nawa zan bari?

Sakan biyu a busasshiyar hanya, huɗu a jiƙaƙƙiya. Ga ɗan koyo, uku ya fi. Ka zaɓi turken lantarki ko allo. Da motar gabanka ta gifta shi sai ka ƙirga "dubu ɗaya da ɗaya, dubu ɗaya da biyu". Ka iso kafin ka gama, ka matsa da yawa. A gosulo, ka tsaya inda kake ganin tayoyin bayan motar gaba suna taɓa ƙasa, domin ka iya zagaye ta ba sai da ribas ba.

Za a ce ai da ka bar fili keke zai cusa kai. Gaskiya ne. Ka ɗage ƙafa kaɗan ka sake buɗe tazarar. Abin da ka yi asara bai kai sakan biyu ba.

Me ya sa ake yawan tambaya a kan wuce mota?

Domin a nan ne sabon direba ya fi yaudarar kansa. A ce tirela mai tsawon mita 18 tana tafiya a 60, kai kana son wuce ta a 80. Bambancinku kilomita 20 ne, wato mita 5 da rabi a sakan. Idan ka haɗa tazarar baya, tsawonta, tsawon motarka da tazarar da za ka bari a gabanta, kana da mita 60 da 'yan kai da za ka cike, kusan sakan 11 ke nan a hannun masu tahowa. A wannan lokaci kai ka ci mita 245, mai tahowa a 80 shi ma ya ci haka. Kana buƙatar kusan rabin kilomita a buɗe, kana ganinsa da idonka. Shi ya sa ba a wuce mota a kwana, kan tudu, kan gada, kusa da mahaɗa ko inda farin layin tsakiya bai yanke ba. Idan har kana tambayar kanka ko za ka kai, amsar ita ce ka zauna a layinka.

Damina, hazo da dare fa?

Ruwan farko bayan rani ya fi ruwan Agusta santsi, saboda yana tayar da ƙura da man da suka yi watanni suna taruwa a kan kwalta. Idan ruwa ya kwanta kuma ka ji sitiyari ya yi sakayau, taya ta hau kan ruwa ke nan: ka saki totur a hankali, ka riƙe sitiyari a miƙe, kada ka danna birki da ƙarfi. Ruwan da ya rufe titi yana ɓoye rami da bakin kwata, don haka ka bi sawun wanda ya wuce lafiya ko ka jira. Bayan ka fita daga ruwa ka ɗan tattaka birki ya bushe. Kunna sigina biyu ana tafiya cikin ruwa al'ada ce da ta yaɗu, amma tana hana na baya gane lokacin da za ka juya. Ƙaramar fitilar gaba ta wadatar.

A hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, babbar fitila tana dukan ƙura ta dawo idonka. Ka yi amfani da ƙarama. Hayaƙin ƙunar daji a hanyar Zariya ko Abuja haka yake: ka rage gudu kafin ka shiga, domin wani na iya tsaye a ciki.

Da dare, ƙaramar fitila ba ta cika haska fiye da mita 50 zuwa 60 ba, ga shi tsayawa daga gudun 80 na cin mita 53 a hali mafi kyau. Wanda ke gudun 100 da ƙaramar fitila ya wuce haskensa, duk abin da ya gani ya riga ya makara. Fitila ɗaya da ke tahowa ba lallai babur ba ce, tana iya zama tifa mai ido ɗaya. Idan an haske ka, ka mai da ido gefen dama na titi ka rage gudu.

Malam, ba ni da mota a gida, sai ranar da na je makaranta nake taɓa sitiyari. Yaya zan yi atisaye?

Hajiya, wannan fanni ba ya buƙatar sitiyari. Duk lokacin da kika shiga keke, bas ko motar gida, ki zauna inda kike ganin gaba ki riƙa faɗa a zuci: ga mahaɗa, ga mai lemo a bakin titi da mai saye ya ba titi baya, ga babur zai fito, da ni ce da na rage a nan. Sai ki duba ko direban ya taka birki bayan kin faɗa ko kafin. Ranar da kika fara riga shi, ido ya fara buɗewa.

A darasin tuƙi ki yi hakan da baki, malaminki yana ji. Abin da kika gani, abin da zai iya faruwa, abin da za ki yi. Da farko zai rikita miki sa giya, don haka ki fara a titi mai sauƙi, minti goma kawai. Amfaninsa shi ne malami yana jin abin da ba ki ambata ba, wanda shi ne abin da ba ki gani ba. Minti ashirin kullum na mako uku ya fi awa biyar a daren gwaji. Ki kuma nemi a kai ki wurare daban-daban: shataletale, kasuwa, babban titi, yamma lokacin da rana ke dukan ido.

Waɗanne dokoki ne lallai in haddace?

Iyakar gudun motar gida: 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya ta gudu. Wannan iyaka ce, ba umarni ba ne. A bakin kasuwa 50 ma ganganci ne. Alamar gargaɗi mai kusurwa uku ce da jan baki, ta hani da'ira ce mai ja, ta umarni da'ira ce shuɗiya, ta bayani mai kusurwa huɗu ce, ta tsayawa kuma mai kusurwa takwas. A shataletale, wanda ke ciki, wato mai zuwa ta hagunka, shi ke da hanya. Hannun jami'in FRSC, na KASTLEA (hukumar kula da dokokin hanya ta Jihar Kaduna) ko ɗan sanda yana gaba da danja. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122.

Me ke kayar da mutane a gwajin tuƙi?

Tashi daga fakin ba waiwaye. Ba da sigina kafin duba madubi, alhali tsarin shi ne madubi, sigina, sannan motsi. Isowa mahaɗa da gudu sannan a danne birki. Taka kuloci tun daga nesa a bar mota tana gangarawa, wanda ke raba ta da riƙon inji. Matse mai tafiya a ƙasa da hon maimakon ba shi hanya. Akwai kuma kishiyar wannan: tsayawa a shataletale babu kowa, ko rarrafe a 20 inda hanya take a buɗe, wanda ke nuna mutum ba ya iya auna abin da yake gani. Idan jami'i ya kai hannu sitiyari ko ya ce "birki!" kafin ka taka, an gama.

Zan tafi Ingila. Yaya tasu jarrabawar take?

Lasisin Najeriya yana ba ka damar tuƙa ƙaramar mota na wata 12 daga lokacin da ka zama mazauni. Don ci gaba bayan haka sai ka karɓi lasisin koyo nasu, ka ci jarrabawar kwamfuta, sannan ta tuƙi. DVSA, hukumar gwajin direbobi ta can, ke shirya ta kwamfutar, kuɗinta fam 23 ga ƙaramar mota. Kashi na farko tambayoyi 50 ne cikin minti 57, ana cin sa da 43. Za ka iya hutawa har minti uku, sai kashi na biyu: gajerun bidiyoyi 14, kamar kai ne a kujerar direba, kana danna linzami da zarar ka ga haɗari na tasowa. Goma sha uku suna da haɗari ɗaya mai maki, ɗaya yana da biyu, jimilla 15. Kowanne makinsa daga 5 yake sauka zuwa sifili gwargwadon jinkirinka. Cikakken maki 75 ne, ana ci da 44. Ba a maimaita bidiyo, ba a komawa baya. Dole ka ci kashi biyun a zama ɗaya. Ka faɗi ɗaya, ka sake duka bayan aƙalla kwanakin aiki uku. Takardar cin tana aiki shekara biyu.

Ka tuna su hagu suke bi, mu kuwa tun 1972 muka koma dama. Idonka ya saba neman haɗari a wani ɓangare, kuma a shataletalensu na dama ake ba hanya. Masu keken ƙafa, masu doki a hanyar ƙauye da wuraren tsallakar masu tafiya a ƙasa suna yawan fitowa.

An ce waɗanda suka daɗe suna tuƙi ma suna faɗuwa. Me ya sa?

Suna dannawa da wuri fiye da kima. Wanda ya goge a titin Kaduna yana zargin komai, sai ya danna tun abin yana mataki na biyu, kafin kwamfuta ta buɗe lokacin ba da maki, sannan ya naɗe hannu. Maganin shi ne ka danna da ka ga alamar farko, ka sake dannawa bayan sakan ɗaya ko biyu idan abin ya ci gaba da tasowa, ka ƙara ɗaya idan ya fito fili. Danna a kan abin da bai zama haɗari ba ba ya rage maki. Amma danne-danne ba ƙaƙƙautawa, ko a kan wani kari kamar mai kiɗa, yana jawo sifili a wannan bidiyon. Kada ka saki jiki bayan haɗarin farko, ba ka san wane bidiyo ne mai biyu ba. Ka yi atisaye da manhajar DVSA a babban allo da linzami, domin yatsa a kan waya ba ya ba da irin wannan sabo.

Lafiyar mota tana cikin hangen haɗari?

Tana ciki, domin duk lissafin da ke sama da taya mai kyau aka yi shi. A jikin taya, lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da haruffan DOT suna nuna lokacin da aka ƙera ta: 2321 na nufin mako na 23 na 2021. FRSC tana ɗaukar shekara huɗu daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya, don haka 'yar Kwatano mai kyan fuska tana iya zama ta ƙare. Zurfin zanenta kada ya gaza milimita 1.6. A auna iska da safe taya na da sanyi, a bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Birkin da ke nutsewa har ƙasa ko yake laushi kamar soso yana nuna iska ko yoyon mai. Mai jan mota gefe ɗaya kuma ɗaya ɓangaren ne ba ya kamawa. Robar waifa da zafin rani ya busar a sauya ta kafin ruwan farko.

Idan duk da haka abu ya faɗo gabana fa?

Idan motar tana da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa, ka danne birki da ƙarfi ka riƙe. Karkarwar da za ka ji a ƙafa aikinsa ne, kada ka saki, kuma kana iya juya sitiyari. Idan babu, ka taka da ƙarfi, da ka ji taya ta kulle tana ja ka ɗan sassauta ka sake takawa. Ka kalli filin da kake son bi, domin hannu yana bin ido. Mai kallon rami shi ke faɗawa ciki. Kada ka kauce wa kaza ko akuya ka faɗa hannun masu tahowa.

Ranar gwaji me zan shirya?

Barci isasshe, tabarau idan kana amfani da shi, da takardunka. Takalmi mai kama ƙafa, domin silifas yana zamewa ko ya maƙale ƙarƙashin birki. Mai babbar riga ya naɗe hannunta kada ta kama giya. Mai hijabi ta daidaita shi yadda ba zai rufe mata gefen ido ba idan ta waiga. Kafin ka tayar da mota ka gyara kujera yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwasa idan ka taka kuloci har ƙasa, ka saita madubin gefe ya nuna ɗan siririn jikin motarka kawai, ka ɗaura bel, ka tabbatar na kusa da kai ya ɗaura. Waya a kashe ta, ba a jijjiga ba. Idan mota ta mutu maka a mahaɗa, ka ja birkin hannu, ka mai da giya furi, ka tayar, ka sake duba madubi da kafaɗa kafin ka motsa, ko da na baya suna ta danna hon.